Ƙari a Cikin Zuciya da Gwajin Naman da Ake Ɗebowa Ta Jijiya

Idan likita ya ɗora na'urar hoton zuciya a ƙirjin mutum ya ce ya hango wani abu a ciki, abin da idonsa ya gani siffa ce da girma da mazauni, amma sau da yawa hoton ba ya iya faɗin ko mene ne abin. Yana iya zama gudan jini da ya daskare, yana iya zama ƙari marar mugunta wanda idan aka cire shi an rabu ke nan, yana iya zama ciwon daji da ya tsiro a zuciyar ko wanda ya taso daga wani sashe na jiki ya sauka a nan, kuma yana iya zama tarin ƙwayoyin cuta da suka manne a ƙofar zuciya. Kowanne maganinsa daban ne, kuma maganin da zai ceci wani yana iya cutar da wani. Mai gudan jini yana bukatar maganin tsinka jini, mai ƙwayoyin cuta yana bukatar allurai na makonni, wani ƙarin sai an tsaga ƙirji, wani kuwa tsaga ƙirjin wahala ce kawai domin maganinsa a ƙarin ruwa yake.

Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura, kuma aikina bai wuce awon ciki da rigakafi da maganin zazzaɓi da rubuta takardar tura marar lafiya gaba ba. Amma mu ne mutane suke dawo wa da takardun da aka ba su a Kano ko Dutse su ce a fassara musu, kuma a gabanmu ake yanke shawarar ko za a koma ko za a haƙura. Na lura cewa a duk lokacin da takarda ta ce a ɗebo nama a gwada, nan ne tafiya take tsayawa. Wannan ne ya sa nake son in yi bayanin yadda ake wannan aiki idan abin a cikin zuciya yake, domin na ga amfaninsa a cikin gidanmu.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya dawo daga jiki ta manyan jijiyoyi biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, ya tura shi huhu. Ɓangaren hagu yana karɓar jinin daga huhu ya watsa shi ko'ina, har ƙwaƙwalwa. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya, domin duk abin da ya ɓalle a dama huhu zai nufa, abin da ya ɓalle a hagu kuwa yana iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Haka kuma jijiyoyin wuya da na gindin cinya kai tsaye suke kaiwa ɗakin dama na sama, don haka isa can da siririyar roba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

A yankinmu, abin da aka fi gani a cikin zuciya ba ƙari ba ne, gudan jini ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi ta ba da rahoton yawan ciwon raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, kuma har yau ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka daɗe suna bincike a kansa. Idan zuciya ta buɗe ta yi rauni, jini yakan yi kwance a lungunta ya daskare. Haka ma wanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata wa ƙofar zuciya ta hagu har ta tsuke, jini yakan taru a bayanta ya yi guda. Irin waɗannan ba a taɓa su da hantsakin da ake zurawa ta jijiya a ɗebo nama. Ana ba da maganin tsinka jini, a sake hoto bayan wasu makonni, sau da yawa a tarar abin ya ragu ko ya ɓace. Na ga wata maijego da danginta suka dawo cikin tashin hankali saboda an ce musu akwai abu a zuciyarta, har an fara maganar sayar da shanun huɗa, alhali abin da likita ya rubuta ƙwayoyi ne da ranar komawa.

Ƙarin da ya tsiro daga zuciyar kanta abu ne da ba a cika samu ba, kuma mafi yawansa ba daji ba ne. A wajen manya wanda aka fi samu shi ne miksoma, wani nama mai laushi da santsi wanda kusan kashi 75 cikin 100 a ɗakin hagu na sama yake zama, maƙale da bangon da ya raba ɗakunan biyu. Shi wannan ana gane shi da hoto, kuma ba a son a tsakure shi, domin yana da saurin ɓarɓashewa kuma a hagu yake. Maganinsa tiyata ce, wadda likita Clarence Crafoord ya fara yin nasararta a Suwidin a 1954. Dajin da ya taso daga wani wuri ya sauka a zuciya kuwa ya ninka wanda ya tsiro a cikinta sau 20 ko fiye: na huhu, na mama, na ƙoda, da na hanta, waɗannan biyun na ƙarshe suna iya bin cikin babbar jijiyar ƙasa har su leƙo ɗakin dama. Mu da ciwon hanta ya yi wa katutu ya kamata mu riƙe wannan. Saura kuma su ne masu wuyar ganewa, waɗanda suka fi son ɓangaren dama: sakoma, wani daji mai fitowa daga jijiyoyin jini, da limfoma, wato dajin ƙwayoyin da ke cikin kaluluwa. A hoto suna iya kama da juna, a magani kuwa sun yi hannun riga, domin limfoma tana jin maganin daji sosai kuma ba tiyata ce hanyarta ba.

Baffana, ƙanin mahaifina, manomin riɗi da gero ne wanda bai san kwanciyar asibiti ba. Abin ya fara masa da haki idan ya yi 'yar tafiya, sannan fuskarsa ta riƙa kumbura da safe, jijiyoyin wuyansa suka fito raɗau, yana zufa da dare, yana ramewa. Na auna jininsa bai hau ba, na saurari ƙirjinsa ban gamsu ba, sai na rubuta masa takarda zuwa Kano. Hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar da ake ɗorawa a ƙirji, ya nuna wani abu ya cika wani sashe na ɗakin dama na sama yana matse bakin jijiyar da ke sauko da jini daga kai, abin da ya bayyana kumburin fuskar. Aka yi hoton siti, wato wanda ke nuna cikin jiki yanka-yanka, aka lalube wuya da hammata da matsematsi ko za a sami kaluluwar da za a ciro cikin sauƙi, aka duba hanta da ƙoda, ba a sami wani wuri da za a ɗebi nama ba sai zuciyar. Likitan ya ce ba zai ba da maganin daji a kan zato ba, kuma ba zai tura a tsaga ƙirjin dattijo ba alhali akwai yiwuwar ciwon ba na wuƙa ba ne. Ya ba da shawarar a je wata cibiya a wani gari inda ake shiga zuciya ta jijiya.

Da daddare aka taru a zaure. Goggo, wadda ita ce babbarsu, ta ce a bar kaza cikin gashinta, domin kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ta kawo sunayen mutanen garinmu da aka yanki namansu aka kai gwaji, ba su daɗe ba suka rasu. Baffa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne ka yi karatun asibiti. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, idan suka taɓa abin nan zan tashi?" Na ce, "Baffa, rai a hannun Allah yake, kuma aikin yana da haɗarinsa, ba zan ɓoye maka ba. Amma waɗanda Goggo ta ambata, ni na rubuta wa wasunsu takarda, kuma sun je ne bayan ciwon ya gama cin jikinsu. Gwajin ya faɗi sunan abin da ya riga ya yi nisa, ba shi ya kawo shi ba." Goggo ba ta yarda ba a daren, amma ba ta hana ba.

Wannan magana ta cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura ita ce ta fi komai tsayar da mutanenmu, kuma na fahimci inda ta samo tushe. Mutum yakan yi shekara yana shan jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, sai jiki ya ƙi sannan a ɗauko shi a mota, a yi gwaji, bayan ɗan lokaci ya cika. Wanda ya gani da idonsa kuwa zai haɗa mutuwar da abu na ƙarshe da aka yi. Gaskiyar ita ce yaɗuwar daji ta hanyar da allurar gwaji ta bi abu ne da yake faruwa nadiran, kuma bai kai ko kusa da illar barin ciwon ba tare da an san shi ba. Haɗarin da ke cikin ɗebo nama daga zuciya na gaske ne, amma wani iri ne daban, kuma zan zo kansa.

Shiga zuciya ta jijiya ba sabon abu ba ne. A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririyar roba ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa ya ɗauki hoto don ya nuna abin yana yiwuwa, kuma a 1956 ya raba kyautar Nobel da André Cournand da Dickinson Richards, waɗanda suka mayar da dabarar aikin asibiti. A 1962 likitoci biyu a Japan, Sakakibara da Konno, suka ƙera ɗan hantsaki a bakin doguwar waya mai lanƙwasa wanda zai iya gutsuro naman zuciya daga ciki. Farkon shekarun 1970 Philip Caves ya gyara shi a Jami'ar Stanford ta Amurka domin a riƙa bi ta jijiyar wuya ana duba ko jikin wanda aka yi wa dashen zuciya yana ƙin sabuwar zuciyar. Daga wannan aiki ne hannun likitoci ya faɗa, har suka fara nufar ƙari da hantsakin.

Yadda ake yi shi ne, marar lafiya zai yi wasu sa'o'i bai ci abinci ba, a duba yadda jininsa yake daskarewa, a tsara dakatar da maganin tsinka jini idan yana sha. Zai kwanta a kan gado a ɗakin da ke da na'urar hoton eksire mai nuna motsi nan take. Za a wanke wuya ko gindin cinya, a yi allurar kashe zafi, a huda jijiya da allura, a zura waya, a bi bayanta da wani ɗan bututu da zai zama ƙofa. Ta cikinsa ake tura roba mai tsawo har ɗakin zuciya, ta cikin robar kuma a tura hantsakin. Sai dai hoton eksire yana nuna ƙarfen hantsakin ne, ba ya nuna ƙarin, don haka ana haɗa shi da hoton eko. Wani lokaci ana zura na'urar eko ta hanyar abinci ta tsaya a bayan zuciya, wanda yakan bukaci a sa mutum barci; wani lokaci kuma ana tura wata 'yar ƙaramar na'urar eko ta jijiya ta shiga cikin zuciyar da kanta, ta haska bakin hantsakin da ƙarin a lokaci guda, mutum yana farke. Wannan ta biyun ita ce ta ƙara wa aikin inganci a 'yan shekarun nan, domin likita yana ganin cewa ƙarin ya kama, ba bangon zuciya mai lafiya ba. Sai ya buɗe bakin, ya matsa, ya rufe, ya jawo, ya maimaita haka sau da dama daga wurare daban-daban na ƙarin.

Shi Baffa ta gindin cinya aka bi, saboda jijiyar sama ce a matse. Ya ba mu labari cewa yana jin maganar likitoci, bai ji zafi a ƙirji ba, illa dai zuciyarsa takan yi tsalle ta dawo a duk lokacin da aka taɓa ta, kuma abin da ya fi damunsa shi ne kwanciyar rigingine na sa'o'i bayan an gama ba tare da ya naɗe ƙafa ba, an danne wurin hujin da auduga da filasta. Muna zaune a baranda wata ma'aikaciyar jinya ta fito da 'yar kwalba mai ruwa garai-garai da sunansa a jiki, ta ɗaga mana ita kafin ta wuce ɗakin gwaji. A ƙasan kwalbar akwai 'yan gutsattsarin nama fari-fari da ja-ja, kowanne bai fi ƙwayar gero ba. Babban ɗansa ya matso ya ƙura ido ya ce, "Yaya, wannan ne duka abin da muka sayar da buhunan riɗi a kansa?" Na ce masa shi ne, kuma a cikinsa amsar take.

Ƙanƙantar naman nan ita ce ƙarfin aikin, ita ce kuma rauninsa. Gutsuren milimita 1 zuwa 2 ba ya barin rauni mai yawa, amma yana iya kuskure wa abin da ake nema. Sau da yawa ƙari yakan lulluɓe da daskararren jini ko mataccen nama a samansa, sai hantsaki ya ɗebo wannan, sakamako ya fito ba a ga daji ba alhali yana ƙasa. Saboda haka idan an ce ba a ga komai ba, ba lallai ne an tsira ba. Likita zai auna sakamakon da hotuna da yanayin marar lafiya, yana iya cewa a sake, ko a koma ga tiyata. Iyali su san da wannan tun kafin su sa hannu, domin kada su ɗauka an cuce su idan aka ce a maimaita.

Haɗarin da aka fi tsoro shi ne hantsaki ya huda bangon zuciya, musamman ɗakin sama da bangonsa ba shi da kauri, jini ya zuba cikin jakar da ta lulluɓe zuciya ya matse ta. A hannun ƙwararru wannan ba ya kai mutum 1 cikin 100 a gwajin naman zuciya na yau da kullum, kuma idan ya faru ana zuƙe jinin da allura nan take, wani lokaci kuma sai an shiga tiyata. Akwai rikicewar bugun zuciya, wanda galibi yakan wuce da kansa, akwai taɓa ƙofar zuciya ta dama, akwai ɓallewar wani yanki na ƙarin ya bi jini, akwai kuma zubar jini a wurin huji. Dalilin da ya sa ba a yin aikin sai inda ake da kayan ceto da likitan tiyata a kusa ke nan. A 2007 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Turai suka fitar da matsaya ɗaya cewa aikin ya dace idan ana zargin ƙari, ban da miksoma da kamanninta suka bayyana, bisa sharaɗin cewa hotuna ko gwajin nama daga wani wuri mai sauƙi sun kasa ba da amsa, amsar za ta sauya magani, akwai kyakkyawan zaton za a samu naman, kuma mai yin aikin gwani ne. A ganina waɗannan sharuɗɗa su ne tambayoyin da ya kamata dangi su yi wa likita da bakinsu, cikin ladabi, kuma likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Sakamakon Baffa ya nuna limfoma. Kafin a fara magani aka gwada shi ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, domin maganin daji yana iya tayar da ciwon hanta da ke kwance, limfoma kuma takan zo tare da raunin garkuwa. Aka fara ba shi maganin ta ƙarin ruwa, zagaye bayan zagaye. Ya sha wuya, gashinsa ya zube, abinci ya fita daga ransa, kuɗi kuma suka yi ta tafiya har sai da 'yan uwa na birni suka sa hannu. Amma kumburin fuskar ya saɓe tun a zagayen farko-farko, numfashinsa ya daidaita, hoton da aka sake ya nuna abin ya ja da baya ƙwarai, kuma yana ci gaba da zuwa a duba shi. Goggo da kanta take dama masa kunu idan ya dawo. Ba kowa ne yake samun irin wannan amsa ba. Wanda gwajinsa ya nuna sakoma labarinsa ya fi nauyi, domin tana da saurin yaɗuwa kuma magani bai cika cin ƙarfinta ba. Duk da haka ina ganin sanin ya fi rashinsa, saboda iyali za su san abin da za a iya da wanda ba za a iya ba kafin su jinginar da gona, shi ma marar lafiya zai sami damar kintsa al'amuransa da hankalinsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne nisan da ke tsakanin ƙauyukanmu da wannan aiki. An fara tiyatar buɗe zuciya a Nijeriya tun 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, amma har yau ɗakunan da ake shiga zuciya ta jijiya kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Mutumin Garki ko Babura ko Jahun sai ya fara samun wanda zai yi zargin zuciya ce, sannan ya kai inda ake hoton eko a Kano ko Dutse ko Birnin Kudu, sannan a tura shi gaba, kowane mataki da kuɗin mota da na kwana da na mai jinya. Da yawa suna zubewa a hanya. Abin da ke hannunmu mu ma'aikatan ƙananan asibitoci shi ne mu daina maimaita maganin sa fitsari ga mai kumburi da haki ba tare da an ga zuciyarsa a hoto ba, mu kuma rubuta takardar turawa da cikakken bayani: yaushe abin ya fara, ko akwai rama da zufar dare, ko ya taɓa tarin fuka ko ciwon hanta, ko mace ce da ta haihu kwanan nan, da magungunan da ya sha, har na gargajiya.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su sani ba game da naman bayan an ɗebo shi. A ɗakin gwaji ana daskarar da shi cikin wani kaki na musamman, a yanka shi siriri, a ɗora a gilashi, a rina, likitan gwajin nama ya duba a madubin da ke ƙara girman abu. Sau da yawa rinin farko ba ya wadatarwa, sai an ƙara wasu rine-rine na musamman da ke bambance limfoma da sakoma da dajin da ya zo daga wani wuri, har su faɗi irin limfomar, kuma ba kowane ɗakin gwaji ne yake da su a kowane lokaci ba. Wannan ne yakan sa sakamako ya ɗauki makonni, ba sakaci ba ne a kullum. Ɗan dunƙulen kakin da gilasan ana ajiye su, kuma iyali suna iya neman a ba su ko a aika da su wani asibiti idan ana bukatar ƙarin rini ko ra'ayin wani likita. Wanda ya karɓi lambar gwajinsa da rubutaccen sakamako ya adana su tare da faifan hotunansa, idan aka sauya masa asibiti ba sai an sake shiga zuciyarsa karo na biyu ba.